Motar Garuba Abongo

A unguwar Aboabo ba wanda ke kiran Garuba da sunan ubansa. Garuba Abongo ake ce masa, domin da wannan suna mutanen Kumasi ke kiran duk wanda ya sa kaki ya je yaƙin duniya a ƙasar Bama ya dawo. Asalinsa mutumin Dogondutsi ne, can ƙasar Nijar. Ya gangaro kudu yana saurayi, da niyyar ya yi dako shekara biyu ya sayi keke ya koma gida, sai yaƙi ya tarar da shi a tasha. Aka ɗauke shi soja, aka koya masa tuƙi, aka zuba su a jirgin ruwa. Bayan shekara huɗu ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu, kowa ya ce ya yi sa'a. Amma tun daga nan ba a ƙara ganin fushinsa ba, ba a kuma ƙara jin dariyarsa ba. Ranar da aka haifa masa 'ya, da ranar da aka binne ta bayan wata bakwai, fuskarsa ɗaya ce. Ba mugun hali ba ne. Zuciyarsa ce ta koma kamar ƙafar da mutum ya daɗe zaune a kanta, ko an tsunkula ba ta ji.

Aikinsa kanikanci ne a Magazin, unguwar masu gyaran mota. Hannunsa na da kyau, bakinsa ba ya motsi, saboda haka direbobi na sonsa. Ba ya ciniki mai tsawo, ba ya ba da labarin yaƙi. In an matsa masa sai ya ce, “Ruwa ne da sauro,” ya koma ƙarƙashin mota.

A shekarar 1958 aka kira shi wani ƙauyen masu noman koko ya duba injin niƙa. Ya zagaya bayan rumfa zai yi alwala, sai ya ga gawar mota a cikin ciyawa. Ba taya, ba gilashi, kaji sun mai da mazaunin direba wurin ƙwai, ayaba ta tsiro ta tsakiyar ƙarfenta. Ya tsaya da buta a hannu. Hancinta kawai ya gani ya gane ta: motar soja ce mai tan uku, irin wadda ya tuƙa a Bama, cikin waɗanda aka yi gwanjonsu bayan yaƙi aka kashe su da dakon katako. Da ya tambayi mai injin ko zai sayar, mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in injin ya tashi ya kwashe tsiyarsa, ya huta da macizai. Injin ya tashi. Aka jawo gawar zuwa Magazin, Garuba ya kewaye ta da tsofaffin kwanon rufi a bayan rumfarsa, ya sa ƙofa da kwaɗo.

Daga ranar ya kafa wa kansa doka ɗaya: ba abin da zai hau jikin motar nan sai irin wanda aka haife ta da shi. Ko ƙusa ce. Makanikan Magazin kuwa kun san su, mutanen da ke haɗa kan wannan mota da gindin waccan su ce an gama. Suka ɗauka Abongo ya taɓu. Shi ko bai kula ba. In ya ji labarin wata tsohuwar motar soja ta mutu a Sakandi ko Tamale, sai ya rufe rumfa ya tafi, ya dawo da ƙarfe guda a aljihu. A haka ya samo fitilun gaba masu murfi, waɗanda ake bar wa 'yar tsaga kawai don kada jirgin sama ya hango haske. Ya samo jarka biyu na asali, da maƙalin shebur da gatari. Wani tsohon saje Bafante ya ba shi littafin motar, duk mai ya cinye gefensa. Garuba bai iya karatun boko ba, don haka duk Juma'a bayan masallaci yakan kai wa mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, a karanta masa shafi ɗaya a fassara. Mutumin ya ce tun da yake aikin nan bai taɓa ganin wanda ya zo a karanta masa labarin birki ba. Akwai kuma wani hoto da ya aro wurin tsofaffin sojoji, wanda ya yi wata guda yana aunawa da tsinken ashana, don ya gano girman lambar da ke jikin ƙofa.

Kada a ce yana jin daɗin abin. In ka gan shi yana goge ƙarfe ba za ka ga murna a fuskarsa ba. Abin da ya sani kawai, in yana cikin shingen nan ya san inda kowane abu ya kamata ya zauna, a waje kuwa bai sani ba.

Matarsa Hamamatu haifaffiyar Zongo ce. Ubanta ya zo daga Damagaram fataucin goro tun kafin a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ita kuwa ko Tamale ba ta taɓa zuwa ba. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin layinsu, kuma Allah ya ba ta bakin da ya hana mijinta. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa taka Magazin ba. “In je in ga me? Ƙarfe?” in ji ta. Amma duk yamma in ya shigo takan tambayi lafiyar motar ta ce, “Maigida, yaya mara lafiyanka?” Shi kuma ya ce, “Da sauƙi.” Hirarsu ke nan, kuma ta ishe su. Takan gaya wa mata cewa namijin da ke dawowa gida da warin baƙin mai ya fi mai dawowa da warin kwalba.

Ana cikin azumin 1969, a watan Nuwamba, rediyo ya faɗi maganar. Duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi kwana goma sha huɗu ya bar ƙasar. Garuba na kwance ƙarƙashin wata tasi aka zo aka gaya masa. Ya ce, “To,” ya miƙa hannu ya ɗauki sifana. Washegari ya kai littafinsa na sallamar soja wani ofis, akawu ya jujjuya shi, ya ce wannan takardar zamanin Turawa ce. Hamamatu ma, da ba ta san wata ƙasa ba sai wannan, aka ce tun da ubanta baƙo ne ita ma baƙuwa ce.

Zongo ta rikice. Ana sayar da gado da keken ɗinki a bakin titi kamar kayan wanda ya mutu. Tasha ta cika, mutane na kwana kan ƙunshin kayansu, mota ba ta isa. A layinsu akwai gida huɗu na mutanen Nijar da suka rasa yadda za su yi. Cikinsu akwai Abukari, direba ne ɗan Doso, wanda mai motarsa ya karɓe mabuɗi ranar da aka yi sanarwa. Direba ba mota, ga mata da 'ya'ya da tsohuwar uwa.

A rana ta biyar Hamamatu ta ajiye wa mijinta kokon buɗa baki, ta zauna gabansa, abin da ba ta saba yi ba.

“Maigida, shekara goma sha ɗaya ban tambaye ka komi ba. Yau zan tambaya. Motan nan naka, yana tafiya ko ba ya tafiya?”

“Saura kafireta,” in ji shi. Ya ga ba ta gane ba, ya ƙara, “Abin da ke ba inji mai.”

“Duk Kumasi babu?”

“Akwai. Ba nata ba ne.”

“Ei! Ba nata ba ne! Ni ma ai gomnati ya ce ni ba na nan ba ne, ga ni zaune ina numfashi. Sa mashi wanda akwai. Mutane talatin na kallon hannunka.”

Ya shanye kokonsa. Da safe ya je ya karɓo sabuwar kafireta ta wata mota dabam, ya yi mata mazauni, ya ɗaura. A kwana na biyu injin ya yi tari sau uku ya kama. Makanikai suka taru bayan shinge suna ihu, suna cewa Abongo ya ta da matacce. Shi kuwa ya tsaya yana kallon sabon ƙarfen na ƙyalli a cikin tsohon inji, bai ji komai ba sai 'yar kunya, irin ta wanda ya ba da shaidar ƙarya a ƙaramar magana.

Wannan kunyar ce ta jawo abin da ya biyo baya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Garuba ya ga tun da cikin motar ya sami aibu, wajenta ba zai samu ba. Soja ba ya fita fareti ba kaki. Ya aika wa Abukari cewa kowa ya shirya ranar Lahadi da la'asar, ya rufe ƙofar shinge, ya buɗe gwangwanayen fenti da ya daɗe da tanada. Ya yi ta gauraya kore da ƙasa-ƙasa yana gwadawa da cikin murfin akwatinsa na soja, inda rana ba ta taɓa bugawa ba, har launin ya zo daidai. Kwana uku ya yi a kan wannan, cikin kwana goma sha huɗu da aka ba su, mutane na sayar da tukwane shi yana jiran fenti ya bushe. Ya rubuta farar lamba a ƙofa. Ya zana baƙin gizo-gizo a kan launin ruwan ɗorawa a gefen hanci, alamar rundunarsu. Ya ɗaura tamfol, ya maƙala shebur da gatari. Bai gaya wa kowa ba, don bai ga abin faɗa ba. A wurinsa haka motar take tun asali.

Abin da bai sa a lissafi ba, don ba ya zama hira, shi ne maganar da ta cika Zongo a kwanakin nan. Kowa na cewa in wa'adi ya matso motocin soja za su shigo layi-layi su kwashe wanda ya rage. Ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa ya ji daga wanda ya ji.

Ranar Lahadi, saura kwana biyu, ya buɗe akwati zai ɗauki littafin motar, ya ga tsohuwar rigarsa ta kaki a ninke, ya sa ta. Ya fito da motar daga Magazin, ya bi ta unguwar Manhyia. Tasi na kauce masa. Wani ɗan sanda a mararraba ya tsai da motoci ya sara masa. Injin na tafiya sumul, sitiyari na rawa a hannunsa yadda ya san shi, ya ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjinsa, abin da ya daɗe bai ji ba. Bai kai ga sanin ko mene ne ba ya karya kwana ya shiga layinsu.

Suna nan kuwa a ƙofar gida, su talatin da wani abu, zaune kan kaya, suna jiran motar Garuba. Abin da suke tsammani wata akwala ce mai jikin katako, irin ta kowa. Sai ga koren hanci da tamfol da mutum cikin kaki.

Wata mata ta ƙwala ihu, “Soja! Soja sun zo!”

An ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Tsofaffin da azumi ya kwantar suka miƙe. Mata suka suri 'ya'ya, maza suka tsallake katanga, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Garuba bai gane ba. Ya ɗauka ba su gan shi ba ne, sai ya danna ham don ya kira su. Wanda ya ɗan tsaya waiwaye ma ya ƙara mai.

Ya kashe inji ya sauko. Layi ba kowa, sai ƙunshin kaya da takalma warwatse. Yana tsaye sai ya ji nishi daga babbar kwata da ta bi bayan gidajen, wadda aka gina da siminti, zurfinta ya kai ƙirjin mutum. Ya leƙa. Hamamatu ce kwance a ƙasa, ƙafarta ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ta zo tsallakewa ne, katakon da ake bi ya goce.

Bai yi salati ba, bai kira kowa ba. Ya cire ƙyauren wani ɗaki, ya ɗaure ƙafafunta biyu da mayafinta yadda aka koya musu. Abukari ne ya fara leƙowa ta kan katanga, ya gane shi, ya sauko, suka ciccibe ta a kan ƙyauren suka sa a bayan mota. Idonta a rufe yake, tana ta kiran sunan Allah. Garuba ya ja motar zuwa babban asibitin da ke wajen Bantama a giya ta biyu, yana kauce wa kowane rami. Irin wannan tuƙin ya iya shi tun da daɗewa. Mai gadi na hango koren fenti ya wangale ƙofa bai tambayi komai ba.

Likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye. Wata uku za ta yi a kwance da nauyi rataye a ƙafa. In aka ɗora ta a hanyar arewa yanzu, ba za ta kai ba.

Da safe Abukari ya same shi a barandar asibiti. Ya tsuguna ya gaishe shi, ya daɗe yana murza hula.

“Baba Garuba, mutane sun dawo, kunya ya kama kowa. Amma sun ce wallahi ba su shiga motan nan haka. Ni ma na duba, in mun kai shingen 'yan sanda a hanya za a ce ina muka samu motan soja. Ba za mu wuce ba kwata-kwata.” Ya ƙara da cewa, “Gobe ne rana na ƙarshe. Ka zo mu tafi. In Mma ta warke sai a san yadda za a yi.”

Garuba ya dubi ƙofar ɗakin da matarsa take. Ya san wanda ya ƙetare iyaka a kwanakin nan ba ya dawowa. Ya kuma san motar da ta ƙetare ita ma haka.

“Ka iya giyar da ake taka kuloci sau biyu?” ya tambaya.

“Na iya.”

“To tashi mu je.”

A wani kanti da mai shi ke kwashe kaya suka sami ragowar shuɗin fenti, irin na ƙofar shago. Abukari ya miƙa hannu zai karɓi buroshi, Garuba ya hana shi. Da kansa ya shafe ta. Ya bi ta kan farar lamba, ya bi ta kan gizo-gizon, fentin na zuba yana ɗiga a taya bai goge ba. Ya kwance murfin fitilu don ta ga hanya, ya cire maƙalin shebur da gatari, ya yar a gefe. Wani kafinta ya zo ya huda mata ƙasa ya kafa benci huɗu. Kafin azahar aikin shekara goma sha ɗaya ya koma motar haya, mummuna ma kuwa. Mutane na tsaye suna kallo, wasu mata na kuka, suna ba shi haƙuri. Shi dai ya lura cewa shuɗin bai rufe koren sosai ba a gefen hagu, ya ƙara masa hannu ɗaya.

Ranar Talata da hantsi aka yi lodi. Ya miƙa wa Abukari mabuɗi da littafin, ya ce ya riƙa duba ruwa duk mil arba'in, kuma ba ta son a matsa mata a giya ta uku. Abukari ya rungume shi yana kuka, Garuba ya tsaya kamar turmi har ya sake shi. Da motar ta tashi bai jira ta ɓace ba. Ya ɗauki kwanon abincin da wata maƙwabciya Ba'asantiya ta dafa wa Hamamatu, ya kama hanyar Bantama a ƙasa.

A barandar asibitin ya yi Sallah, a nan ya shiga sabuwar shekara, cikin masu jinya da ke shimfiɗa kwali su kwanta. Ba wanda ya tambaye shi takarda. Mutumin da ke ɗauke da fo na mara lafiya ba a cika tsai da shi ba. Daga baya, da abin ya lafa, tsofaffin abokan kaki suka yi masa hanya ya sami takardar zama. Wasiƙa ma ta zo daga Abukari. Sun isa bayan kwana tara, tsohuwarsa ta rasu a bakin iyaka, motar kuwa tana nan tana dakon albasa, sai dai an sauke injinta an sa wani. Garuba ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya jiƙan tsohuwa, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

A watan Maris aka sallami Hamamatu, da sanda, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Rabin layin sababbin fuskoki ne, sun shiga ɗakunan waɗanda suka tafi. Ba ta iya tsayuwar suya, sai dai ya fito mata da kujera ƙofar gida ta zauna. Bakin nan nata ma ya ragu. Ba ta taɓa ce masa laifinsa ba ne, shi kuma bai taɓa ba ta haƙuri ba, don bai san ta inda ake farawa ba.

Wata yamma ya dawo daga Magazin ya zauna a dakali kusa da ita. Can ta ce, “Maigida, ka san ni ban gan shi ba?”

Ya dube ta.

“Motan. Na ji an ce soja ne kawai, na gudu, ban waiwaya ba. Da kuka sa ni ciki kuma tamfol kaɗai na gani.” Ta gyara zama da ƙyar. “Ya yi kyau?”

Garuba ya so ya gaya mata launin, da lambar, da yadda injin ke tafiya a gangaren Manhyia, amma duk ya ga ba su da nauyin da za a ɗauko su.

“Ta yi kamar ta gaske,” in ji shi.

Hamamatu ta shafa ƙugunta a hankali.

“Wannan kam na sani,” ta ce.

Sandarta ta zame daga jikin bango ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka, ya jingina mata inda hannunta zai kai.